Hancin Alhaji Dijital

Na daɗe ina shakkar cewa na'ura za ta iya ƙasƙantar da babban mutum. To, a unguwar Iku dai an yi, kuma ga wanda bai cancanta ba: Alhaji Isma'ila, wanda 'yan hayarsa ke kira Alhaji Dijital. Shi ne masanin kwamfuta na unguwa, domin ya taɓa kwana a Dubai. Tabarau kuwa ba ya sawa. Na tsofaffi ne, in ji shi.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar masu gidajen haya ya matso, Alhaji ya rantse sai ya kayar da Kayode, mai riƙe da kujerar. Ya sayo sabuwar kwamfuta mai allo garau, don ya tsara fostarsa da hannunsa.

Sai dai manhajar zanen da ya saba da ita tsohuwa ce, ba ta san irin wannan allo ba. Yana buɗe ta komai ya tsuke. Rubutu ya koma ƙwan kiyashi, fostar kanta ba ta fi akwatin ashana ba. Akwai wurin da ake ƙara girman abin da allo ke nunawa, amma Alhaji ya fi ƙarfin neman wuri.

“Hajara, zo ki ga inganci!” ya ce wa matarsa, idanunsa na zubar da ruwa. “Kaya mai tsada ba ya ɗaga murya.”

“Ni ban ga komai ba, Alhaji.”

“Ai ba don kowa aka yi shi ba.”

Abu ɗaya ne ya sosa masa rai: hotonsa ya fito kamar ƙuda. Mutum irinsa! Ya kama hoton ya ja, ya ƙara ja, har wani abu mai ruwan ƙasa ya cika akwatin ashanar. Sunansa ma ya ja shi. Nan hankalinsa ya kwanta.

A shagon buga fosta da ke unguwar Magajiya, Oluchi mai shagon ta buɗe aikin, ta dube shi.

“Oga, haka za a buga?”

“Madam, ko ɗigo kar ki taɓa. Aikin ƙwararru ne.”

Ba ta taɓa ba.

Ranar zaɓe Alhaji ya sa aka warware fostar gaban jama'a, yana gyara babbar riga. Hanci ne ya bayyana, tun daga sama har ƙasa, da ɗan gashin baki a gefe. Daga sunansa kuwa “MA'I” kaɗai ya tsira. Dattawa suka taru suna musu kan mai hancin. Kayode ya yi ta dariya har aka rantsar da shi.

Bayan an watse na sami Alhaji yana naɗe hancinsa na fosta. Na ce, “Alhaji, me ya hana ka ƙara wa allon girma tun farko, ka ga abin da kake yi?”

Ya dube ni da tausayi.

“In ƙara wa allo girma? Ni ke takara ko shi?”