Na Tafi Ɗauko Siliki da Buhu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki shatar keke napep don ɗauko zare ba. Ko na so mantawa, 'yan rumfarmu ta ɗinki a Nasarawa ba za su bar ni ba.

Ni maɗinkin babbar riga ne, aikin hannu. Karatuna bai wuce firamare ba, amma baki kam Allah ya hore mini. Akwai 'yar ƙanwata, Hadiza, da ke karatun digiri na biyu a nan Birnin Kebbi. Wata rana ta zo gaishe ni, na tambaye ta me suke yi a ɗakin gwajin nan nasu. Ta ce suna ɗauko sirrin saƙar gizo-gizo su dasa a cikin ƙwayoyin bakteriya, sai ƙwayoyin su riƙa fitar da siliki. Ta ci gaba da bayani (na tabbata ta ci gaba, don na ga bakinta yana motsi), amma ni tun daga "siliki" kunnena ya toshe. Har na fara zana adon aska takwas na gaban riga a zuci.

Kafin la'asar duk layinmu ya ji cewa ɗiyata ta sa ƙwayar cuta saƙa.

Ana haka sai ga Alhaji Bawa daga Argungu, manomin shinkafa, wanda ya daɗe yana kawo mini aiki. Ya zo da shaddar rigar ango, zai aurar da ɗansa.

Na ce, "Alhaji, wanga karon ba zaren tsamiya, silikinmu na gargajiya, za mu sa ba. Zaren kimiyya, wanda ba a taɓa gani ba duk ƙasar Kabi!"

Ya ji daɗi, ya koma ya faɗa wa surukai. Ni kuwa na ajiye shaddar ban ko zana ta ba, biki yana ta matsowa. Da na ga kwana ya ƙure sai na kira Hadiza na ce, "Silikin nan ya samu?" Ta ce ya samu. Ban tambayi komai ba kuma. Na matsa wa Alhaji ya taso tun daga Argungu ya zaɓi launi da kansa, na ninke buhu biyu, muka hau keke sai makarantar su Hadiza.

Hadiza ta fito cikin farar riga, ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta dubi hannuna.

"Kawu, buhun na mi na?"

Na ce na silikin Alhaji ne. Ta shiga, ta fito da wata 'yar kwalba da ba ta kai ta turare ba, da ɗan ruwa-ruwa a ƙasanta.

"Ga shi, Kawu. Ba zare ba na. Ƙarfen da likita ka sa ma mutum in ƙashi ya karye, shi muka son shafa ma, don jiki ya karɓe shi kada wurin ya ruɓe. Gwaji ma muka yi tukuna, ba a kai ga sa ma mutane ba."

Tana rufe baki sai mai keke ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Malam, in shigo in kama maka, ko akwai 'yan dako?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai yarinyar nan ta juya ga Alhaji ta ce, "Laihina na, Baba. Ni ab ban yi ma Kawu bayani da kyau ba." Ta ɗauki kayan kunyata ta ɗora a kanta, kuma (a nan ne abin ya fi yi mini ciwo) na kusa bar mata. Da ƙyar na buɗe baki na ce a'a, ta yi bayani, ni ne ban saurara ba.

Alhaji ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta sama yana dubawa. Ya ce ƙanensa ya sha wahala da ƙarfe a cinya, ya sa wa Hadiza albarka mai yawa. Sannan ya dube ni: "To, rigar ango hwa?"

Abokan rumfa ne suka rufa mini asiri, su ɗin da na ishe su da cika baki. Kowa ya ajiye aikinsa. Wani ya kama wuya, wani aljihu, wani baya. Suna ɗinki suna mini dariya, ina cewa na gode. Da tsamiya muka gama ta, ana gobe ɗaurin aure.

A Argungu, bayan an shafa fatiha, wani dattijo daga dangin amarya ya kama wuyan rigar ango yana murza zaren. Ya ce, "Kai! Aikin kimiyya daban na!"

Alhaji ni kawai yake kallo. Bakina har ya fara ƙaiƙayi.

Na ce, "Tsamiya ta, Malam. Ta kasuwa."

Ashe baki ma almakashi ne. Shekaru ina koya wa masu koyon ɗinki su auna kafin su yanka, ni ban taɓa auna nawa ba.