Yaƙin Tasi'u da Ƙurjin Karan Hanci

Da sunan Wanda ya halicci fuska kuma ya jarrabe ta da maiƙo, ga tarihin Tasi'u ɗan Malam Ɗanladi, jikan Jatau mai buhu biyu, wanda a zamanin dalar gyada yake hawa ƙololuwarta a Malam Madori ko nishi babu. Tasi'u sadaukin samari, ma'abocin wasiƙun soyayya casa'in da bai aika ko ɗaya ba, angon madubi, gagara kwalli, mai kuka idan littafi ya ƙare da rabuwa.

Ya kasance a shekarar da ya cika ashirin da biyu, bayan kawunsa ya yi sallama sau uku, mahaifin Rahinatu ya yi wa Tasi'u izini ya zo zance ranar Juma'a bayan la'asar. Shekara biyu Tasi'u yana hango wannan yarinya daga gindin famfo bai taɓa ce mata ko sannu ba. To, a safiyar Asabar, saura kwana shida, sai maƙiyi ya kafa sansani a kan karan hancinsa: ƙurji ja, mai farin rawani, tare da 'yan rakiya bakwai a goshi.

Sadauki ya dubi madubi, hawaye ya cika masa ido, ya daki ƙirji ya ce, "Ko ni ko kai!"

Ya fara aika rundunar sabulun salo, ta dawo a karye. Ya tura lemon tsami, wanda ya ƙone talakawan kumatu bai taɓa sarkin ba. Ya yi masa ƙawanya da man goge haƙori tun hantsi har azahar, ƙurji ya fito da ƙamshi, ya ƙara ƙiba. Ya yanke zumunci da gyada, abincin kakanninsa, har ƙuli-ƙuli ya wuce ta gabansa ya kau da kai kamar bai san shi ba. Ranar Talata ya kai farmaki da farce biyu, aka yi gumurzu mai tsanani, ƙananan ƙurajen goshi suka faɗi suka bar baƙin tabo a madadinsu, shi kuwa babban ya kumbura har Tasi'u yana ganinsa ba tare da madubi ba.

A nan ne shaiɗan ya nuna masa wani kwano a ɗakin yayarsa Sakina, wadda ake yi wa gyaran jiki saboda bikinta: kurkum da zuma da madara, haɗin amare, wanda ko sunansa namiji ba ya ambata. Gwarzo ya yi sanɗa ya kwaso ludayi uku, ya damɓara daga goshi har wuya, ya kwanta rigingine yana tsara baitin da zai buɗe zance da shi. Barci ya ɗauke shi. Da ya farka ya wanke, sai ga fuska ta rine ruwan ɗorawa, ya sake wankewa, ta ƙi.

Inna ce ta fara ganinsa a bakin rijiya. Guga ya suɓuce mata.

"Innalillahi! Shawara! Sakina, zo ki ga ɗan'uwanki!" Ta kama haɓarsa ta gwale masa ido. "Bai kama idon ba tukuna, mun tare ta da wuri. Ba mai, ba nama, ba fita. Ko ƙofar gida ka taka ban yafe ba."

Haka aka tsare jikan Jatau kwana biyu a kan tabarma, ana ɗura masa jiƙon darbejiya da ganyen gwanda safe da yamma, maƙwabta na shigowa dubiya, kowacce da nata sassaƙen. Ya auna abu biyu a ma'aunin zuciya: ko ya faɗi abin da ya shafa, mata su yi masa waƙa har ya tsufa, ko ya yi shiru Juma'a ta wuce, mahaifin Rahinatu ya ce yaron ba shi da alƙawari. Ranar Juma'a da hantsi, a gaban mata tara masu tsintar shinkafar biki, ya miƙe ya yi jawabi mafi gajarta a tarihin mazaje.

"Inna, kurkum ɗin Yaya ne."

An ce guɗar da aka rangaɗa ta tashi tantabarun unguwa. Sakina ta riƙe ciki tana cewa, "Amarya, a kawo miki lalle ma?"

Amma an buɗe masa ƙofa, kuma ya fita, cikin farar shadda wadda ta ƙara fito da launin fuskarsa, ƙurji na gaba yana biye.

Sai dai labarin ciwon ya riga shi isa, labarin warakar kuwa bai taso ba. Rahinatu ta fito soro da kwanon sha a rufe, ta durƙusa, ta ɗago ido ta dube shi da wani tausayi wanda duk littattafan da ya karanta ba su shirya shi ba.

"Sannu, Malam Tasi'u. Da jikin nan ka fito saboda ni? Umma ta ce ka shanye duka, tun jiya ta jiƙa."

Ya buɗe. Darbejiya ce. Gaskiya ta zo masa har maƙogwaro, ya dubi idanun nan, ya mayar da ita, ya kafa kai ya shanye.

"Da sauƙi?" in ji ta.

"Da sauƙi," in ji sadauki, yana hawaye.

"Bari in ƙaro."

Shi kuwa ƙurji, washegari Tasi'u na goge fuska da tawul ya fashe don kansa, babu kowa a wurin.