Hulata da gwajin kunnen Rahina

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, kuma ko na so in manta, matata ba za ta bari ba. Ranar ce na zauna da gemuna da furfurata a gaban ma'aikaciyar gwamnati, na yi wa 'yata satar amsa a gwajin da ba a ci kuma ba a faɗuwa.

Ni takalma nake sayarwa a kasuwar Adum, shekara ashirin da 'yan kai. A sana'armu ba a faɗin aibin kaya. In takalmi ya ɗaye a gefe, sai ka ɗora babban yatsa a wurin kana ta yabon fatar. Wannan halin na kwasa na kai gida.

Rahina ce autarmu. Tana da shekara huɗu ta yi wani zazzaɓi mai zafi, bayan ta warke sai an kira ta sau uku kafin ta waiwayo. Uwarta ta ce mu koma asibiti, na ce miskilanci ne kawai, halin kakarta ta ɗauko. (Allah ya jiƙan tsohuwata, na ɗora mata abin da ba ta ji ba ba ta gani ba.) Gaskiya tsoro nake ji. A Zongo in aka laƙaba maka suna da shi za a kai ka kushewa, ni kuwa ban so a riƙa cewa "kurmar gidan mai takalma".

Sai na ƙirƙiro dabara. In baƙo ya gaishe ta, in taɓa hulata, ta ce, "Lafiya lau." In aka ba ta wani abu, in shafa gemu, ta ce, "Na gode." Shekara biyar muna haka ba wanda ya gano mu, ina ta ganin kaina gwani.

Matsalar ita ce babu hulata a makaranta. Tana aji uku malamarta, Malama Fati, ta aiko in zo.

"Baban Rahina," ta ce, "yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Bakina take kallo. Da na juya ga allo shi ke nan, an bar ta a baya."

Ta yi min bayani cewa dokar ƙasa ta fayyace wane ne yaro mai buƙata ta musamman, kuma irin wannan yaron yana da haƙƙi a kan makaranta. Amma ba da baki ake shiga lissafin ba, sai an auna an rubuta. In babu takarda, Rahina za ta maimaita aji karo na biyu, ga shi har ta fara ɓoye jakarta da safe don kada a tura ta.

Na ce to. A zuciyata kuwa na ƙudurta za mu je mu cinye gwajin, in dawo in ajiye wa Malama Fati sakamako a tebur, kowa ya kama bakinsa.

Muka hau trotro, motar haya, zuwa wata cibiya can wajen Bantama. Mai gwajin wata dattijuwa ce Ba'asantiya, Madam Serwaa, wadda ta tashi a maƙwabtaka da Zongo, tana jin Hausa irin tasu. Ta shigar da mu wani ɗan ɗaki, ta sa wa Rahina abin sauraro a kunne, ta nuna mata da hannu cewa duk sanda ta ji ƙara ta ɗaga yatsa. Ta zaunar da ita ta ba injin baya. Rahina ta riƙe rigata, sai aka bar ni na zauna a gabanta. Daga inda nake ina hango yatsan Madam a kan maɓalli.

Na farko da na biyu Rahina ta ɗaga da kanta. Na uku Madam ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Yarinya ta zuba min ido kamar yadda ta saba in baƙo ya shigo. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya kai ga hula ba. Ta ɗan yi jim, ta ɗaga yatsa.

Daga nan abu ya yi daɗi. Madam ta danna, in gyara hula, yatsa ya tashi. Ta rage ƙara, in gyara hula. (Na gyara hular nan ya fi sau ashirin, ko ango ranar ɗaurin aurensa bai kai ni ba.) Har na fara tsara abin da zan faɗa wa Malama Fati.

Can Madam ta sunkuya kamar ta yar da biro, ta miƙe, ta danna sau uku. Sau uku muka amsa, ni da Rahina. Sai ta ɗago wayar injin a hannunta, a cire, tana lilo da ita.

"Ei, Baba," ta ce, "yarinya nan yana da kunne paa! Mashin bai yi magana koraa, ko kaɗan, amma ya ji."

Gumi ya karyo min har cikin safa. Na rasa inda zan sa hannuna, sai na kai shi ga gemu na shafa. Rahina ta dubi Madam, ta ce da ƙarfi, "Na gode!"

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige ban ko yi sallama ba.

Madam ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, kuma wannan ne nake gode mata har gobe. Ta jawo kujera kusa da ni, ta buɗe wani littafi, tana karantawa tana juya min da Hausa. Doka ba ta kira ɗan kowa da sunan zagi ba. Cewa ta yi yaron da ji, ko gani, ko jiki, ko fahimta ke hana shi koyo daidai da tsaransa, a ba shi abin da zai taimake shi.

"In na rubuta abin da hularka ya faɗa," ta ce, "takarda zai ce Rahina lafiya lau. Makaranta ba zai yi komai. Kai ka ci gwaji, yarinya ya maimaita aji. Haka kake so?"

Rahina ta ja hannun rigata a hankali. "Baba, na yi daidai?"

Nan idona ya cika. Shekara biyar yarinyar nan tana gadin mutuncina, ni ina zaton ni nake rufa mata asiri. Na ce, "Kin yi daidai, uwata. Ni ne ban yi ba." Na cire hular, na fita na zauna a benci da kai a buɗe, aka sake gwajin ba ni.

Kunnen hagu ya yi rauni sosai, na dama da saura. Takardar da na tsana ita ta kai Rahina layin gaba, ta sa malamai suna fuskantarta in za su yi magana, ta kawo wani malami na musamman da ke leƙo ta. Ba ta maimaita ajin ba. Allah ya saka wa Madam Serwaa da Malama Fati, matan da suka ga wautata tsirara ba su kai ta kasuwa ba. (Matata ce ta kai.)

Abin da na koya shi ne, aibin da ka danne da yatsa bai tafi ko'ina ba, mai sa takalmin ne zai ji a ƙafarsa. Ranar da aka saka wa Rahina na'urar ji muna tafe zuwa tasha, ta tsaya cak tana kallon ƙasa.

"Baba," ta ce, "dama takalminka kuka yake yi in kana tafiya?"

Shekara biyu ina sa shi, ina cewa fata ce ta asali. Na ce, "Yana yi, uwata. Tun ranar da na saya."