Wutsiyar Saniya a Tabkin Kona

A zamanin mulkin soja, shekarar da damina ta dawo bayan fari, aka ce za a yi gasar matasa a Tasawa: gudu, tseren keke da iyo. Ina koyarwa a lakwal ɗin Kona, kuma na taɓa iyo a kogin Yamai, don haka na shaida wa kowa kyautar tawa ce.

Ranar kasuwa na zaɓa don gwaji, saboda jama'a su gani. Na yi gudu, na murza keke, na faɗa tabki ko hutawa ban yi ba. Ina yin nisa jijiyar ƙafata ta murɗe, ƙafar ta ƙage kamar icce. Na sha ruwa, na yi salati, na lalubo wutsiyar wata ramammiyar saniya cikin wani garke da ke ƙetare tabkin. Ta firgita, ta ja ni cikin laka har bakin tabki.

Makiyayin ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, sake ta hakanan don Allah. Da ƙyar ta tsira daga fari."

Har yau, in mahautan Kona suka yi yanka, sai sun aiko mini da wutsiya, wai a gaida mai jirgin ruwa.