Yadda Na Shigo da Amarya da Tallan Abincin Kare

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin abokina Nura ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ina kan ganiyar wayewa. Na dawo Gaya daga karatu da digiri ɗaya da ɗabi'a ɗaya: sauraron wata tashar rediyo ta intanet mai saka tsofaffin kiɗe-kiɗen Turawa, irin rok ɗin nan da aka gauraya da jaz, jita na kuka, abin busa na amsa mata. Kiɗan yana min daɗi har cikin raina, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi min daɗi shi ne a gan ni ina ji. (Nakan lumshe ido ina gyaɗa kai a cikin adaidaita sahu, ko da data ta ƙare.)

Nura zai auri Rabi, 'yar Ajingi. Danginta ba su gama sakin jiki da shi ba, musamman kawunta Malam Idi, tsohon hedimasta, wanda ya ce samarin yanzu ba su da natsuwa. Nura ya roƙe ni, tunda ni ne babban aboki, in taya shi komai ya tafi cikin mutunci ranar wuni. Na ce ya bar min shigowar ango da amarya. Kiɗan di-je hayaniya ce kawai, ni zan kawo abin da Ajingi ba ta taɓa ji ba. A nan dai ban yi ƙarya ba.

Lissafina shi ne, kullum bayan la'asar tashar tana saka kiɗa mai sanyi. Don haka ban sauke komai a waya ba. Na manta rediyo ba ya shawara da mai sauraro, kuma ashe shirin Asabar daban yake.

Aka jeru, ango da amarya a gaba, mu abokai da ƙawaye cikin anko a baya. Na miƙa wa di-je wayata ya jona da lasifika. Ya ce, "Yallaɓai, ka tabbata?" Na ce, "Kai dai ƙaro murya."

Sai ganga. Ganga zalla, ba waƙa ba jita, kamar an saki akuya a ɗakin kwanuka. Nura ya ɗaga ƙafa yana neman inda zai sauke ta. Rabi ta yi taku biyu ta tsaya. Ni kuwa na ci gaba da gyaɗa kai, don a san haka abin yake. Wata gwaggon amarya ta ce, "Wai an fara ne, ko gwaji ake?"

Can sai sabis ya ɗauke. Muka tsaya cirko-cirko a tsakiyar fili, kowa ya zuba mana ido. Da ya dawo, gangar ta wuce, sai muryar wani Bature cike da fara'a, kare na haushi a bayansa.

Na shiga addu'ar Allah Ya sa ba wanda ya gane. Malam Idi ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya fuskanci jama'a kamar yana gaban aji. "Ga waɗanda ba sa jin Turanci," in ji shi, "abincin kare ake talla. Wai yana sa gashi sheƙi." Ya koma ya zauna.

Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da na samu sauƙi. Kunya ta kama ni har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga tsoron na zubar wa Nura ɗan mutuncin da yake lallaɓawa.

Washegari Nura ya ɗauki yayansa suka je ba Malam Idi haƙuri. Dattijon ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Ai jiya na gane kai yaro ne mai haƙuri, Nura. Wanda ya iya zama da wannan abokin zai iya riƙe 'yata."

Har yau ina jin tashata, ni kaɗai, da abin kunne. Na koyi cewa in dole sai mutum ya gwada wayewa, ya jira bikinsa. Ranar sunan ɗansu na fari, shimfiɗa tabarmi aka ba ni, shi ma sai da aka karɓe wayata a ƙofar gida.