Muciyar Ailan

Ba na jin zan taɓa mantawa da zuwan jikana Haisam umara bara waccan. Uwarsa Rabi ita ce 'yata ta fari, aure ya kai ta ƙasar Ailan a Turai, can ta haife shi. Ni kuwa ina nan unguwar Hindawiyya a ƙasa mai tsarki, ina tuƙa tuwon sayarwa ga 'yan Najeriya masu aikin gini. Rabona da yaron tun yana rarrafe, sai dai a waya, wayar ma gaisuwa ce kawai, don Hausarsa gurguwa ce, Turancina kuwa ko tashi bai yi ba. Na yi kewarsa har ina jin haushin uwarsa.

Sai ga shi ya zama saurayi, sai ya sunkuya yake shiga ƙofata. Washegari iyayensa suka tafi Harami, ya shigo da wani dogon ƙunshi ya miƙo min hannu biyu. Na kwance, na ga itace sumul mai faɗin kai, an naɗe mariƙinsa da roba.

"Kaka, naki ne," in ji shi, yana lalubo kalmomi. "Da wannan muka ci."

"Masha Allah, ya habibi," na ce. "Ashe maigidan nawa ya san haƙƙin matarsa."

Daɗi ya cika ni. Na ce a raina ashe Rabi ba ta bar tuwo ba, har Turawa sun ƙera musu muciya (robar don kada hannu ya yi kanta, siririn ƙarfen da ke bakin kuma na yanke hukuncin na kankare ƙanzo ne). Ban tambayi kowa ba. Ni da na tsufa a bakin tukunya, wa zai koya min muciya?

Da la'asar na ɗora babbar tukunyar tuwon masara, na kira maƙwabciyata Ummu Fahad ta zo ta ga kayan Turai. Tsakani da Allah kuma muciyar tana tuƙi, ko gudaji ɗaya babu. Ina cikin cika baki sai Rabi ta leƙo kicin, Haisam na bayanta.

"Inna, esh hada? Me zan gani haka?" ta ce. "Sandar wasansa ce fa."

A tsaye ta yi min bayani. Wai wasan mutanen can ne, harlin suke ce masa, 'yar ƙwallo kamar lemo ake ɗauka a kan sanda a guje, a maka ta raga. Tun yana firamare yake bugawa a ƙungiyar ƙauyensu, ya sha karaya a yatsu, ya sha zaman benci, har aka ɗauke shi cikin matasan yankinsu. Da sandar nan ya zura ƙwallon da ta ba su kofi. Ubansa ya roƙe shi ita ya hana, ya ce ta Kaka ce, tunda ba ta taɓa ganinsa a fili ba. Cin da yake nufi ke nan.

Ummu Fahad ta sulale ko sallama babu. Na tsaya riƙe da sanda, tuwo na ɗiga a ƙafata, na rasa inda zan sa idona. Haisam ya dubi sandar ya jima, sannan ya sa yatsa ya lakato ya kai baki.

"Kaka," ya ce, "ina miya?"

Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amma da na shiga ɗaki kuka na yi, kuma ba na tuwon ba ne. Yaro ya yi shekaru yana gudu yana faɗuwa a kan abin da yake so, ni kakarsa ko sunan abin ban sani ba.

Yanzu duk ranar wasansu Rabi kan ɗaga min waya daga bakin fili. Ina ganin yara na guje-guje cikin ruwan sama, ban san wa ke gaba ba, dogon baƙin nan kawai nake nema. Na dai koyi darasi da tsufana: in jika ya miƙo miki abu hannu biyu, ki zaunar da shi ya ba ki labarinsa, ko da rabin Hausa ne. Tukunya za ta jira, shi kuwa jirgi yake bi.