Furen da Honorabul Ya Yaba a Tafoki

Duk ƙasar Kankara, Faskari da Sabuwa ba a taɓa yin mai riƙo da al'ada kamar Honorabul Alhaji Muttaka ba. Sau uku yana cin zaɓe, shekara goma sha biyu yana majalisa, bai bari an taɓa komai ba. Hanyar Yankara tana nan yadda kakanni suka bar ta, har ramukanta. Shi yana kiran kansa Garkuwan Manoma, mutane kuwa Alhaji Sai Baɗi suke ce masa, don amsarsa ke nan ga kowace buƙata.

Zaɓen farko ya ci da ratar dubu ashirin, na biyu dubu tara, na uku da kyar da taimakon lauya. Ya ce wannan alama ce masoyansa suna ƙara tacewa. Amma a zuci tsoro ya kama shi, don na huɗu ya rataya a kan garin Tafoki, Tafoki kuma ba ta tsallake maganar Baba Gide, tsohon manomin da kowa ke jin shawararsa.

Sai ya ɗebi masu hoto ya bi dattijon har gona. Ya tarar an taru ana taya shi tuge ƙuduji, muguwar ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa. Bana ta cinye rabin gonar. Honorabul ya tattare babbar riga, ya ɗaga hannu a dakata.

"Ni fa a tsakanin kunya aka haife ni, noma a jinina yake," in ji shi. "Wannan kyakkyawan fure gadon kakanninmu ne, ku daina ɓarna. Ku mai da ni majalisa, in sa a raba irinsa kyauta, kowace gona ta samu."

Baba Gide ya daɗe yana kallonsa, sannan ya buɗe tafin hannu.

"Alhaji, Allah shi ba ka gona babba, shi cika maka ita da furen ga."

Jama'a suka ce amin. Muryar Honorabul ta fi ta kowa, har da shafawa.

Ranar zaɓe Tafoki ta ba shi ƙuri'a huɗu, kujera ta tafi. Har yau yana gaya wa 'yan jarida maguɗi aka yi masa, don da kunnensa ya ji garin gaba ɗaya yana yi masa addu'a.